Mutanen Gwanja

A gidanmu na cikin birnin Kano akwai wani reshe na dangi da ake kira mutanen Gwanja, kuma mun tashi muna jin sunayensu a bakin manya duk lokacin da aka zo lissafin zumunci, ba tare da mu yara mun taɓa ganin fuskar ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Tushen reshen shi ne ƙanin kakana, wanda ya bi ubangidansa fataucin goro tun yana saurayi a zamanin mulkin Turawa, ya sauka a Kumasi ta ƙasar Gana ta yanzu, ya yi aure a can, ya hayayyafa a can, a can kuma aka binne shi. Da babban ɗansa, wanda muke kira Baffa, ya aiko cewa zai aurar da autarsa, sai mahaifina ya ce ni zan wakilce shi, da yake ciwon ƙafa ya riga ya hana shi doguwar tafiya. Aka haɗa ni da shadda, da huluna ɗinkin hannu, da turaren wuta, da kilishi, na kama hanya.

Na bi ta Legas a mota, na ƙetare iyaka a Seme, na ratsa Kwatano da Lome, na shiga ƙasar Gana ta Aflao. A rubuce, yarjejeniyar da ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka sanya wa hannu a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga maƙwabciyarta ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. A kan titi kuwa, duk wanda ya taɓa bi ya san yawan shingaye da yawan hannayen da ake miƙowa, don haka ba zan tsaya a kansu ba. Abin da na fi lura da shi shi ne, a kowace iyaka, mutumin da zai fara tarata da damin kuɗi a hannu yana tambayar ko naira zan canja zuwa sefa, ko sefa zuwa sidi, da Hausa yake magana. Na tambayi ɗaya daga cikinsu a Aflao mutumin ina ne, ya ce shi ɗan ƙabilar Kotokoli ne daga Sokode ta ƙasar Togo, bai taɓa taka Najeriya ba, Hausar kuwa a kasuwa ya tsince ta.

A Akra, wadda tsofaffin fatake ke kira Ankara, an shirya mini masauki a Nima, ɗaya daga cikin unguwannin baƙi Musulmi da ake kira Zango, a gidan surukan Baffa. Direban tasin da ya ɗauko ni daga tasha mutumin kudu ne, Kirista, mai fara'a da son hira, amma da na ambaci Nima sai ya dube ni ta madubi, ya ce in riƙe wayata da kyau, in kuma guji fita da dare, domin 'yan Zango mutane ne masu zafin kai. Bai faɗi haka da mugun nufi ba, nasiha ce yake yi wa baƙo. Sai dai wannan ita ce sifar da aka daɗe da laƙaba wa mutanen Zango a idon sauran 'yan ƙasa: masu gadi, mahauta, masu tsire, da ƙattin da 'yan siyasa ke ɗauka haya lokacin zaɓe. Kuma ba za a ce duk ƙage ne ba. Nima a cunkushe take, wasu lungunanta ba sa ɗaukar mutum biyu a jere, babban kwatamin da ya ratsa ta yana tashi da wari idan rana ta take, samari marasa aikin yi kuma suna nan zaune rukuni-rukuni, kowace majalisa da sunanta a rubuce a jikin bango. Amma a cikin gidan da na sauka, wanda ƙofarsa ba ta nuna komai daga waje, akwai ma'aikaciyar jinya, da akawun banki, da ɗaliba mai karatun shari'a a jami'ar Legon, da wata dattijuwa da ta sauke farali ta kuma biya wa 'ya'yanta biyu kujerar Makka da ribar atamfa. Direban nan ba shi da hanyar sanin haka, domin iyakarsa bakin titi.

Da aka fito sallar asuba mai masaukina ya tsaya da ni wajen mai koko da ƙosai, yana nuna mini mutane ɗaya bayan ɗaya suna wucewa. Wannan Bamoshe ne, kakansa ya zo daga wajen Wagadugu aikin gonar koko. Wancan Bazabarme ne. Mai shagon can Bayarabe ne, asalinsu Ilori. Ladanin masallacin kuwa Badagombe ne daga Yendi, wato shi ko kusa ba baƙo ba ne a Gana, arewacinta kawai ya fito. Dukansu Hausa suke yi wa juna, kuma mutumin kudu duk Hausawa yake kiransu, alhali waɗanda kakanninsu suka fito daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ba su ne mafi yawa ba. Ita kanta Nima wani Bafulatani ne ya kafa ta, Malam Amadu Futa, wanda ya nemi fili a hannun mutanen Ga, masu ƙasar, a farkon shekarun 1930. Wannan cakuɗa ta girmi Nima nesa ba kusa ba. Tun a ƙarni na 19 Ingilishi suka riƙa ɗibar mutanen arewa aikin soja da na ɗan sanda suna kiran rundunar ta Hausawa, ko da kuwa da yawa daga cikin sojojin ba Hausawa ba ne, wasunsu ma bayi ne da suka tsere daga iyayengijinsu. Hausa ta zama harshen bariki, har taken rundunar ƙasar a zamanin Turawa ya kasance "Kullum Shiri". Sojan da ya gama aiki kuwa ba kasafai yake komawa inda ya fito ba, sai ya nemi fili kusa da masallaci ya zauna.

Da hantsi wata yarinya ta leƙo ɗakina ta ce, "Baba, Hajiya ya ce ka zo ka ci abinci." A Hausar da yawancinsu ke yi, mace da namiji duk "ya" ne, kuma na san yadda ake yi wa wannan dariya a wajenmu, ana cewa gwaranci ne. A ganina dariyar ba ta da tushe. Yarinyar nan ba koyon Hausa take yi ba, da ita aka yaye ta, da ita take faɗa da ƙannenta, da ita uwarta ke yi mata faɗa, kuma ba ta jiran wani daga Kano ya zo ya ba ta shaidar ta iya.

Kafin in bar Akra an kai ni babban masallacin ƙasa da ke Kanda, dab da Nima, wanda Turkawa suka gina a kan fasalin masallatan Istanbul, aka buɗe shi a 2021. Ƙidayar jama'a ta wannan shekarar ta nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a Gana Musulmi ne, kuma ranakun Sallah biyu hutu ne na ƙasa. Mutumin da kowa ke ambata idan ana maganar zaman Musulmi da Kirista shi ne Shehu Usman Nuhu Sharubutu, haifaffen Akra a 1919, mai tushen Hausawa, wanda ya zama babban limamin ƙasa a 1993, wanda kuma a 2019, da ya cika shekara 100, ya je cocin Katolika a lokacin bikin Ista ya zauna tare da masu ibada. Na ji wasu samari masu zafin wa'azi suna sukar wannan mataki, na kuma ji dattawa suna cewa wanda bai taɓa zama tsiraru a ƙasa ba, ba zai gane hikimar ba.

Daga Akra zuwa Kumasi tafiyar kilomita kusan 250 ce, cikin kurmi da gonakin koko da ayaba. Gidan Baffa a Aboabo yake, ɗaya daga cikin unguwannin Zango, kuma ban tarar da shi a gida ba sai a rumfar goro, inda har yanzu yake wuni ko da yake ya bar wa yara harkar. Na same shi zaune a kan buzu, mata uku a gabansa sun baje goro a kan tabarma suna tsincewa, suna ware marsa gefe guda, suna jefar da mai sankara cikin kwando, wani yaro kuma yana jera ɗanyen ganye a cikin huhu yana yayyafa ruwa. Baffa ya ɗauki ɗaya ya ɓare da farce, ya duba cikinsa, ya miƙo mini rabi, sannan ya fara tambayata mutanen gida da sunayensu, har da waɗanda suka rasu tun ban yi wayo ba. Ya ce mini a kan wannan sana'a Alhasan Ɗantata ya fara tara abin hannunsa, domin shi ma ya zauna a Akra wajen mahaifiyarsa, yana aika goro Legas ta jirgin ruwa, kafin ya koma Kano ya shiga cinikin gyaɗa. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Shi ya koma, ubana bai koma ba, shi ke nan bambancin."

Ashe ya taɓa komawa, kuma wannan shi ne labarin da ya fi kowane tsawo a bakin Baffa. A ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Tattalin arziki ya taɓarɓare, aikin yi ya yi wuya, aka ce baƙi ne suka cinye kasuwa. Mutane dubu ɗaruruwa suka fita, mafi yawansu Yarbawan Najeriya, tare da mutanen Togo da Nijar da ƙasar da a lokacin ake kira Upper Volta, wato Burkina Faso ta yanzu. Mahaifin Baffa ya shekara fiye da talatin a Kumasi, amma a Kano aka haife shi, kuma bai taɓa sanin cewa zama a gari yana bukatar takarda ba, tunda da ya zo babu wanda ya tambaye shi. Ya karyar da kayan rumfarsa a wulaƙance, ya bar gidan a hannun matarsa. Ita kuwa Batoniya ce, wato mutuniyar Asanti, wadda ta musulunta da ta aure shi, kuma danginta suka tsaya kai da fata cewa 'ya'yanta ba baƙi ba ne, babu inda za a kai su. Aka sasanta a kan mata su zauna da uwarsu, namijin ya bi ubansa. Haka aka ɗora Baffa, yana ɗan shekara goma sha wani abu, a bayan babbar mota tare da akwatuna da keken ɗinki da mata masu goyo.

"Ɗana," in ji shi, "ranar da muka shiga Kano ubana ya yi kuka don murna, ni ma na yi kuka, amma nawa daban." Sun iso a tsakiyar hunturu, shi kuwa bai taɓa sanin irin wannan sanyi ba, leɓɓansa suka tsage, faso ya kama masa dugadugai. Tuwon dawa ya ƙi wuce masa, yana kwana da marmarin fufu da miyar kwakwa. Yaran unguwa suka sa masa suna Ɗan Gana, idan ya buɗe baki sai su kwashe da dariya su ce ya maimaita. Ya ce kakana ya riƙe su da mutunci, ya ba su ɗaki a gidan gado, ya sa shi a makarantar allo tare da mahaifina, kuma ba shi da abin da zai ce game da dangi sai godiya. Amma abin da ya fi ba shi mamaki shi ne ganin ubansa, wanda ya shekara da shekaru yana yi musu labarin Kano, ya zama ba ya iya zaman Kano. Abokansa na ƙuruciya wasu sun mutu, wasu sun yi nisa, kasuwar ba ta san shi ba, ba shi da jari, ba shi da wanda zai ba shi kaya bashi a kan amana. Da sojoji suka kifar da Busia a watan Janairun 1972, ba a daɗe ba dattijon ya ɗaure kayansa ya ce wa kakana zai je ya duba iyali ya dawo, kuma dukansu biyu sun san ba zai dawo ba.

Baffa ya ce abin bai fara a 1969 ba. A 1957, shekarar da ƙasar ta sami 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori manyan Zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, zuwa Najeriya saboda suna tare da 'yan adawa, alhali su suna cewa a Gana aka haife su, kuma da suka kai ƙara kotu sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu don a rufe maganar. Bai kuma ƙare a 1969 ba, domin a watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan kora, mutanen Gana kusan miliyan ɗaya suka fito daga Najeriya, har jakar da suka zuba kayansu a ciki ta sami sunan da muke kiranta da shi har yau, wato Ghana Must Go. Baffa yana cikin waɗanda suka je tasha tarar 'yan unguwarsu da suka dawo daga Agege. Ya ce ya ga fuskokinsu ya gane su sarai, domin ya taɓa hawa irin motar.

Wani abin da ban taɓa tunaninsa ba sai da na zauna a gidan shi ne yadda Tonawa ke lissafin dangi. A wajensu ɗa na dangin uwa ne, kuma a al'adance mutum yana gadon ɗan'uwan mahaifiyarsa. A wajenmu kuwa ɗa na uba ne. Saboda haka Baffa cikakken Bahaushe ne a lissafin Kano, cikakken Batone ne a lissafin ƙauyen mahaifiyarsa, kowane ɓangare yana ganin nasa ne ba tare da ragi ba. Yana da 'yar gonar koko da ta zo masa ta wajen kawunsa, yana zuwa zaman makokinsu da babbar rigarsa da carbinsa, ya ba da gudummawarsa, ya zauna a sahun 'yan gida, ba a sahun baƙi ba, idan an kawo giya ya ce a wuce da ita. Yaren Twi na Tonawa kuma a bakinsa ya fi Hausa gudu idan ransa ya ɓaci. Zaman Musulmi a fadar Asanti ma ba sabon abu ba ne, domin Turawan da suka ziyarci Kumasi a 1817 sun tarar da malamai a kusa da sarki suna yi masa rubutu da addu'a, kuma har yau Sarkin Zango yana da wurin zamansa idan ana taro a fadar Manhyia. Na tambaye shi yaya lamarin yake ga wanda ubansa ne Batone, uwarsa Bahaushiya. Ya ce wannan shi ne abin tausayi, domin kowane ɓangare yana iya tura shi ga ɗayan, kuma irin waɗannan Zango ne kawai ke ɗaukarsu ba tambaya.

A dare na biyu na isar da saƙon da mahaifina ya ba ni, cewa ana shirin raba gidan gado, kuma kason mahaifinsa yana nan, ko a sayar a aiko masa da kuɗin, ko a fitar masa da shi. Na ɗauka zai ce a sayar, ganin duk abin da ya gaya mini. Sai ya yi shiru, sannan ya ce in gaya wa ɗan'uwansa ya yafe komai ban da ɗaki ɗaya, wanda suka zauna a ciki shi da ubansa. A sa wanda ba shi da wurin kwana a ciki, amma kada a sayar, kuma a rubuta cewa nasa ne. Ya ce Kumasi ce garinsa, a nan zai mutu in Allah ya yarda, kusa da iyayensa, amma mutumin da aka taɓa ɗora wa kaya a ka aka ce ya tafi garinsu ba ya sake zama ba shi da wata ƙofa da zai ƙwanƙwasa.

Ɗansa na uku, wanda ke gyaran wayoyi a kasuwar Kejetia, bai ji daɗin wannan magana ba, kuma washegari ya gaya mini haka ba tare da ɓoye-ɓoye ba. "Yaya," ya ce, "ɗakin nan shi ne abin da suke faɗa a kanmu, cewa ƙafarmu ɗaya a nan ɗaya a can. Ni ba ni da can." Ya ba ni labarin ranar da ya je wani ofishi neman katin ɗan ƙasa, ma'aikacin ya ga sunansa ya tambaye shi garinsu, ya ce Kumasi, aka ce a'a, garinsu na asali. Shi ya tsira da sauƙi domin ya juya harshe zuwa Twi ya ambaci ƙauyen kakarsa. Tsarin mulkin ƙasar na 1992 ya ɗora zama ɗan ƙasa a kan jini ne, wato sai ɗaya daga cikin iyaye ko kakanni ya kasance ɗan ƙasa, haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta isa ba, kuma abokinsa da aka haifi ubansa da kakansa a Zango, amma ba shi da wani ƙauye da zai nuna, sai da ya yi ta kai da kawowa da masu shaida. Ya ce duk lokacin rajistar zaɓe maganar takan taso, jam'iyyar da ke ganin Zango ba nata ba ne ta ce baƙi ne, wadda ke ganin nata ne ta zo da shinkafa da sukari lokacin azumi. A 2017 gwamnati ta kafa ma'aikata da asusu na musamman don raya unguwannin Zango, kuma ra'ayin matasan da na zanta da su ya rabu: wasu na ganin an dai tuna da su, wasu na ganin an sake ware su ne da suna mai daɗi.

Da na tsokane shi da maganar ƙwallo, na ce to ranar da Gana ta kara da Najeriya a 2022 wajen neman gurbin zuwa Katar wa ya goya wa baya, sai ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce yana cikin filin wasa na Baba Yara ranar da aka tashi babu ci a Kumasi, kuma daren da aka yi kunnen doki ɗaya da ɗaya a Abuja Gana ta wuce, ba a yi barci a Aboabo ba. Ya tuna mini cewa Mohammed Kudus ɗan Nima ne, shi kuma Baba Yara da aka sa wa filin sunansa Musulmi ne haifaffen Kumasi, sunansa na yanka Usman. A gidan ana kallon finafinan Kano kusan kullum, 'yan matan suna kwaikwayon ɗaurin ɗankwali da salon magana, amma kallon da suke yi wa Kano bai wuce wanda muke yi wa Indiya ba.

A nan ne nake ganin mu mutanen gida muna da abin dubawa. Idan muka tuna da Hausawan Gana, ko na Kamaru, ko na Sudan, mukan ɗauke su a matsayin namu da suka ɓace a wata ƙasa, masu kewar gida, waɗanda Hausarsu ta lalace. Wannan ma zato ne irin na direban tasi, illa dai namu da tausayi aka yi shi. Tambayar da ma'aikacin can ya yi wa ɗan Baffa kuwa, ita ce muke yi wa wanda aka haifi ubansa a Sabon Garin Kano ranar da ya zo neman takardar shaidar ɗan asalin jiha.

Su ma mutanen Zango ba su kuɓuta daga wannan hali ba. A barandar shagunan da ke kusa da rumfar Baffa akwai samari da ke kwana a kan kwali, 'yan ci-rani daga wajen Tawa da Sakkwato, wasu suna bin motocin albasar Galmi, wasu suna yawo da yadi ko agogo a kafaɗa, wasu suna yankan farce. Hausarsu irin ta gida ce tsantsa, amma 'yan unguwa baƙi suke kiransu, kuma na ji wata mata tana cewa su ne ke ɓata musu suna. Haka kuma idan rikici ya tashi tsakanin makiyaya da manoma a wajen Agogo, ɗan Zango yakan yi saurin cewa shi ba ruwansa da Fulanin daji. Na zauna da ɗaya daga cikin samarin, ya ce shi bai zo zama ba, da zarar hadari ya fara haɗuwa a garinsu zai koma gona, abin da yake nema kuɗin sa da na aure ne. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma a kansa maganar ta zauna daidai. Sai dai mahaifin Baffa ma da wannan niyya ya zo.

An ɗaura auren ranar Lahadi da safe a ƙofar gida. Angon Badagombe ne, iyayensa mutanen Tamale, shi kuma malamin makarantar sakandare. Liman ya yi huɗuba da Larabci, ya yi bayani da Hausa, sannan wani ya tashi ya maimaita da Twi saboda dangin kakar amarya, waɗanda suka zo cikin zannuwansu na saƙi suka cika layi biyu na kujeru. Makaɗan dangin ango suka shigo da gangunansu na hammata, aka raba goro da dabino da ruwan leda, ni kuma aka gabatar da ni a matsayin baƙon da ya zo daga Najeriya, aka ba ni kujera a gaba.

Bayan biki ɗan Baffa ya raka ni Salaga, domin ba na son in koma ban ga ainihin Gwanjar da ake kiran danginmu da ita ba. Muka bi ta Ejura da Atebubu zuwa Yeji, muka shiga jirgin fito muka ƙetare tafkin Volta zuwa Makango. A ƙarni na 19 nan ne ƙarshen hanyar ayarin da ke tasowa daga Kano da Sakkwato, su ratsa Borgu da Yendi cikin watanni, madugu a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da baƙin rini da jar fata, su koma da goro. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874 kasuwar ta fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa mutanenta zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi da Akra, saboda haka zangunan kudu da yawa 'ya'yan Salaga ne. Cikin waɗanda suka bar ta a lokacin har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Kete-Krachi yana karantarwa yana rubutu da Larabci da ajami har ya rasu a 1934. Yau Salaga ƙaramin gari ne mai ƙura, kuma abin da ake nuna wa baƙo shi ne filin da aka yi kasuwar bayi da rijiyoyin da ake yi musu wanka kafin a kai su gaban masu saye. Mai yi mana bayani bai ɓoye ba cewa fataken Hausa suna cikin masu saye da sayarwa, kuma wasu daga cikin waɗanda aka ɗaure a wurin sun ƙare a gidajen fataken, suka musulunta, suka ɗauki harshen, jikokinsu yau Hausawa ne a Zango. Ɗan Baffa ya ce a Zango ba a tonon wannan. Na ce ko lokacin neman aure? Ya yi dariya ya ce tsofaffi mata dai ba sa mantuwa.

A Tamale muka rabu, shi zai koma Kumasi, ni kuma zan nemi motar kudu. Muna jiran mota ta cika wansa ya kira shi daga Hambug ta ƙasar Jamus, inda yake aiki a wani ɗakin ajiyar kaya. A can, in ji shi, ba a san wani abu wai shi Zango ba, baƙar fata ne kawai, in an matsa a ce ɗan Gana. Amma 'yan Kumasi da ke garin suna da ƙungiyarsu, Bamoshe da Bahaushe da Badagombe, suna taruwa ƙarshen wata su yi karo-karo, kuma a bana kuɗin na haƙa rijiyar burtsatse ne a bayan masallacinsu na Aboabo. Kiran da ya yi ma na neman lissafi ne, yana son ya ji nawa mai haƙar ya ce, kuma me ya sa har yanzu ba a fara ba.